Mazan Tafkin Baba

Badariya, Birnin Kebbi
Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Zuwa ga mahaifina, Malam Aminullahi, Gulma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Baba, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya tarin nan, ya lafa? Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, amin. Ni ma lafiya lau nake, muna ta fama da aiki.

Na rubuto ne don waya ba ta yi mana. Kunnenka na dama nutso ya cinye shi tun ina yaro. In na yi magana a hankali ba ka ji, in na ɗaga murya ka ce tsawa nake maka, ka miƙa wa Inna wayar. To ga takarda. Yaya Fiddausi, ke za ki karanta masa. Ki zauna ta wajen kunnen hagu, kuma don Allah kada ki tsallake ko kalma ɗaya wai don ki gyara mini hali. Na san ki.

Baba, jiya Yaya ta faɗa mini cewa har yau ƙaninka Baffa Hodi yana zuba wa kifin tafkinka abincin farin buhun nan da na bari, yana haɗawa da dusa don ya daɗe. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na ƙirga da yatsu. Daga ranar da na kawo 'ya'yan karfasan nan zuwa yau kwana saba'in da ɗaya ne. Ni kuwa kwana ashirin da takwas na ce. Na faɗa a gabanka, na faɗa a gabansa, har da gawayi na rubuta a jikin rumbu. Ko ruwan sama ya wanke rubutun, ai bai wanke kunnen Baffa ba.

Bari in sake bayani, ko a yi dace wannan karon. Ɗan karfasa in an ƙyanƙyashe shi, a kwanakin farko jikinsa bai gama tsayawa a kan namiji ko mace ba. Abincin nan an kwaɓa shi da sinadarin maza, ɗan'uwan wanda ke sa saurayi ya yi gemu muryarsa ta buɗe, wanda likitoci ke kira testostaron. In sun ci shi a waɗannan kwanaki, kusan dukansu maza za su tashi. Mu kuwa maza muke so, don sun fi saurin girma, kuma ba za su cika tafki da 'ya'ya a rasa mai girma ba. Aikinsa ke nan, ba shi da wani. Daga nan sai ɓarna.

Ga ɓarnar. Allah ya yi wa kowane mai rai garkuwar jiki, har kifi. Akwai wasu ƙwayoyi cikin jininsa, aikinsu ke nan su tare cuta su cinye ta kafin ta cinye shi. Na karanta a wayata, Turancin ina binsa da ƙamus kamar mai tsince ƙaya a naman kurungu, cewa masu bincike sun gwada a kan kifaye iri-iri, suka ga sinadarin nan in ya yi yawa yakan raunana waɗannan masu tsaron. Ba zan yi maka ƙarya ba, ba a kowane irin kifi bakinsu ya zo ɗaya ba. Amma ni abin da na gani da idona a gidan kifin da nake aiki a Gesse ya ishe ni. Ƙaton namijin nan da ya yi duhu, mai haƙa rami a ƙasa yana korar kowa, shi ke fara yin gyambo da zarar ruwa ya ɓaci. Ƙarfinsa duk ya tafi faɗa da ado, babu abin da ya rage na tsare jiki. To ka duba tafki guda cike da irinsa, kullum ana ƙara musu wuta.

Yaya ta ce da ta yi masa magana, Baffa cewa ya yi, “Abin da ka sa kihi shi zama namiji, in anka ƙara mai, ai ƙato za shi zama. Munzali karatun waya na.” Madalla. A tambaye shi, gishiri ma ai gyara miya yake, don me ba ya juye mudu guda a tukunyar matarsa? Karatun waya ne, na yarda. Shi karatun ina ya yi? Mutumin da shinkafa kawai ya sani, bai taɓa kiwon ko ƙwaɗo ba.

Baba, ka tuna abin da ya sa muka haƙa tafkin nan. Bara da damina taru ya maƙale, ka yi nutso don ka kwance shi, ƙafa ta riƙe ka a tsakiyar gulbi. Ba don gorar iyon da ka ɗaura a jikinka ta taso da kai ba, da yau wani zance ake. Da bakinka ka ce wa Inna in tafkin ya ciyar da gida ka bar shiga ruwa har abada. Ni ba kifin nake ji ba. Kai nake ji. In kifin nan ya mutu na san inda za ka nufa.

Don Allah a ɗaure bakin farin buhun yau, ba gobe ba. Na ba Usmanu direba buhun abinci na kirki, jan zare ne a bakinsa, shi za a riƙa ba su.

Ka gaishe mini da Inna. Baffa ma a gaishe shi, tun da addini ya ce a yi.

Ɗanka mai neman albarkarka,
Munzali


Badariya, Birnin Kebbi
Litinin, 22 ga Yuli, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Da fatan kun tashi lafiya, kai da Inna, da fatan jikin da sauƙi. Na iso Birni lafiya shekaranjiya, sai dai ban san yadda na iso ba, don tun daga tashar Argungu har Ambursa ni kaɗai nake magana a mota, har wata tsohuwa ta matsa gefe tana salati.

Na tafi ban yi maka sallama ba. Wannan laifi ne, ka yafe mini. Ɗaga murya da na yi wa Baffa a zaure gaban mutane, shi ma laifi ne. Amma abin da na faɗa ban janye ba, ko wasali ɗaya.

Ka sa kanka a matsayina. Na zo ranar Asabar da murnata, ina zaton an ji maganata. Me na tarar? Buhun da na aiko yana jingine a rumbu, jan zarensa ko taɓa shi ba a yi ba. Farin kuwa bakinsa a buɗe, da ƙwarya a ciki. Na je bakin tafki, ga kifi sun taso sama da rana tsaka suna haɗiyar iska. Na sa hannu na kama ɗaya, bai ko gudu ba. Karfasa, Baba! Kifin da in inuwarka ta faɗa ruwa ya ɓace. Na juya shi, ga jan gyambo a gefe, ga wani farin abu kamar auduga ya fito masa a wutsiya. Na kama na biyu, haka. Na uku idonsa ɗaya ya kumbura ya yi fari.

Na ce wa Baffa mene ne wannan? Ya ce, “Baki na. Mutanen garin ga ba su son ci gaban kowa.” Wai har ya karɓo rubutu ya zuba a kusurwa huɗu. Ni ban raina rubutu ba, da shi aka yaye ni. Amma mutum ya riƙe wuƙa yana yankar kansa, yana neman a yi masa addu'ar tsayar da jini? Shi ya sa na ce masa in baki ne, to bakin buhun nan ne da ya ƙi ɗaurewa. Sai ya miƙe yana kaɗa hannu, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce Baffa, wannan ba hange ake ba, a ƙasa yake, duƙawa ake a gani. Nan ne ka ce in tashi in ba ku wuri. Na tashi.

Sauran magana kuma da kai nake, Baba, kuma ta fi mini nauyi. Da na jefa komar birgi a tafkin don in ga yawan masu ciwon, ba kifina kaɗai ya fito ba. Na ga karfasa uku manya, masu launin gulbi, har da ƙaramar tarwaɗa. Ni ban kawo su ba. Inna ce ta faɗa mini a madafa, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tona asirin sata. Ta ce abokanka na su kake roƙo su kawo maka masu rai daga gulbi, kana sakinsu a ciki. Wai ka ce kifin Birni marayu ne, ba su san uwa ba, ba su san gulbi ba, sai an sa musu manya sun koya musu zama kifi. Ta ce kullum bayan la'asar kana zaune a bakin tafkin, su kake kallo.

Na yi fushi, sannan na rasa inda zan ajiye fushin. Na san shekara hamsin kana cikin ruwa, yanzu an zaunar da kai gaban rami kamar mai gadin rijiya. Na sani. Amma kifin gulbi da ƙwarinsa yake yawo, da cutarsa a jikinsa, shi ba ta dame shi ba don garkuwarsa a tsaye take. Namu kuwa wata uku ana rushe musu tasu. Baffa ya ɓalle ƙofar gida, kai kuma ka gayyato baƙi. Ka gafarce ni, haka abin yake.

Har yanzu ana iya ceton wasu. A daina farin buhun. Kwana biyu kada a ba su komai, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi. Duk mai gyambo a tsame shi a binne nesa da ruwa. A rage ruwan tafkin zuwa rabi, a jawo sabo da injin ban-ruwa daga rijiyar gonar albasa, ba daga gulbi ba. A zuba gishirin da na bar wa Yaya, na auna mata shi a leda-leda. Na gulbin nan a fitar da su, Inna ta yi maka miya da su.

Ban ce a yi don ni ba. Ni ɗan waya ne, na ji. A yi don matar da ta zauna a bakin gulbi bara tana jiran a fito da kai.

Allah ya ja kwana, ya huci zuciyarka.

Ɗanka,
Munzali


Badariya, Birnin Kebbi
Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Inna, ina yi mana jaje. Allah ya mayar da alheri.

Yaya ta faɗa mini komai. Ta ce ka sa an bi abin da na rubuta, amma sai bayan kwana shida, da Baffa ya tafi biki Augie. Ta ce ranar Juma'a da safe tafkin ya wayi gari fari fat, kifi duk ciki sama, kwando huɗu aka kwashe, wari har masallaci. Kifi dubu biyu, saura abin da bai kai ɗari ba. Kwana shida, Baba! Kana jin nauyin ƙaninka kada ya ce ka bi maganar yaro ka bar tasa. To ga shi an kiyaye masa girmansa, an binne kifi.

Yanzu kuma na ji yana zagaya gari, daga majalisar mai shayi zuwa bakin kasuwa, wai ni na kawo kifi masu cuta daga Birni, wai rubabbun da aka ƙi saya ne na kwaso na kawo wa ubana. Ni! Daga kwano ɗaya aka ɗebi naka da na wani mai tafki a nan Gesse, rana ɗaya. Nasa yanzu kowanne ya kai tafin hannu, suna tsalle. Baffa ya zo in biya masa mota ya gani. Wallahi da na ji maganar nan sai da na ɗauki takalmi zan taho, na zauna, na sake tashi, na sake zama.

Zaman nan ne ya jawo abin da zan faɗa yanzu. Tun wasiƙar farko nake kewaye shi.

'Ya'yan kifi dubu biyu, abin da za su ci na maganin nan a kwana ashirin da takwas bai wuce 'yan mudu kaɗan ba. Na san haka tun ranar. A wurin aiki aunawa muke, a ba mutum daidai nasa a leda, ranar da ta ƙare ta ƙare. Ni na ɗauko buhu guda cur na kawo Gulma. Ka san don me? Don in sauka a mota da buhu a kafaɗa, mutane su ce Munzalin Malam Aminullahi da ya gudu daga sana'ar su ya zama wani abu a Birni. Na ji kunyar in shigo gari da 'yar leda kamar mai kai cefane.

Kuma ni ɗan gidan nan ne. Na san gidan da aka haife ni. Gidan da in tuwo ya kwana a ɗumama, in ya sake kwana a shanya, ƙanzo ma ba a zubarwa. Wa zai ga buhun abinci cike, mai kyau, mai ƙanshi, ya ɗaure bakinsa ya ajiye don an rubuta lamba da gawayi? Ba Baffa kaɗai ba, ko Inna aka bar wa ba za ta iya ba. Na ajiye wuta a ɗakin kara, na rubuta “kada a taɓa”, na hau mota na tafi. Duk karatun da nake taƙama da shi, na karanta jinin kifi, ban karanta mutanen gidanmu ba.

Wannan bai wanke Baffa ba. An faɗa masa sau uku ya ƙi ji, kuma ƙaryar da yake mini yanzu tana nan tsakanina da shi. Amma ba zan bari ka ɗauka shi kaɗai ya kashe maka kifi ba. Ni na fara.

Waɗanda suka rage kada a kai su kasuwa, kada a ci. Wata uku suna cin magani, ban san abin da ke jikinsu ba, ba kuma zan so a gwada a cikin kowa ba.

Baba, ka ba ni dama sau ɗaya tak. In ruwa ya ɗauke za a kwashe tafkin, a zuba farar ƙasa, rana ta gasa shi, in kawo wasu. Wannan karon a nan zan gama ba su maganin da hannuna, sai sun wuce shi za su zo Gulma. Abin da nake roƙo kawai, ka yi haƙuri ka jira. Gulbi ya cika, na ga yadda yake gudu a ƙarƙashin gada. Kada ka dube shi.

Ka roƙa mini Inna gafara. Kai ma ka yafe mini.

Ɗanka mai laifi,
Munzali


Badariya, Birnin Kebbi
Talata, 13 ga Agusta, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ba zan tambayi jiki ba, don na ji labarin abin da kake shirin yi da shi.

Usmanu direba ya kawo mini saƙonka yau da hantsi. Ya ce ka ce, “Ka hwaɗa ma Munzali na ji, kuma laihin ba nashi na shi ɗai ba, ni ma da nawa. Amma gida ba shi cin bayani.” Na gode, Baba. Ban taɓa jin ka faɗi irin wannan ba, kuma na san abin da ta ci maka kafin ta fito.

Sai dai Usmanu bai tsaya nan ba. Ya ce ya same ka a ƙofar gida ka sauko da gora daga rataye kana shafa mata mai, taru a shimfiɗe kana ɗinke shi, an kuma kifa jirgi ana toshe shi. Ya ce kana tari kana ɗinki. Ashe “kada ka dube shi” da na rubuta, a kunnen dama Yaya ta karanta maka?

Gaskiyarka, gida ba ya cin bayani. Daga yanzu zuwa kifin tafki na gaba wata biyar ne ko shida, kuma dole a ci. Na yi lissafin nan kafin kai. Don haka na je wurin maigidanmu na ce ina son hutu har bayan kaka. Ya ce babu wannan hutun a aikinsa. Na ce to ya ba wani wurin. Ya ce ni mahaukaci ne, na ce gado ne. Da zan fita ya kira ni ya ce in tafkin ya bushe in zo in ɗebi 'ya'yan kifi, shi ke nan abin da zai iya.

Ina nan tafe jibi Alhamis, motar farko. Ni zan shiga ruwan.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce rabona da gulbi shekara tara, za ka ce jifan birgina kamar mace na shanya zane, za ka ce ranar da na fara nutso kuka na fito ina yi. Duk gaskiya ne. Na tsani ruwan nan, sanyinsa, da laka, da matsattsaku. Don shi na gudu Birni. Amma ƙafata ba ta riƙewa, ƙirjina ba ya kuka, kunnuwana biyu duk suna ji. Kai za ka zauna a cikin jirgi da rigarka a bushe, ka nuna mini inda kifi yake, don wannan ba ya cikin waya, na duba. Ka zage ni yadda kake so, daga safe har azahar, gaban duk masuntan Gulma. Zan ce to. In taru ya maƙale ni zan sauka. In ka sa ƙafa ɗaya a ruwa, wallahi a gabanka zan yanke tarun in bar wa gulbi, ka kore ni daga gida in kana so.

Baffa kuma zan je in durƙusa in gaishe shi, don kai. In ya kawo zancen kifi zan ciji harshena. Ban yi alkawarin fiye da sau ɗaya ba.

Kwana biyu ne kacal, Baba. Ka ci gaba da ɗinkin tarun, akwai aiki a gabansa. Gorar kuwa ka sassauta igiyarta, na fi ka ƙiba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ɗanka mai zuwa,
Munzali